Tafinta A Hasumiya: Inda Chants of Sennaar Ya Burge Mu Da Inda Ya Ba Mu Haushi



Yau maganar gem za mu yi. Mun san tun kafin a kai ƙarshen wannan layi wasu sun taɓe baki sun ce aikin yara, to a yi haƙuri a ɗan biyo mu. Wanda za mu tattauna a kansa babu harbi a ciki, babu tseren mota, babu ƙwallo. Aikin da aka ɗora wa mai buga shi tun daga farko har ƙarshe shi ne ya koyi yaren mutanen da bai taɓa gani ba, ba malami, ba ƙamus. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar mota a garin da ba a jin Hausa, ya tsaya da jakarsa yana kallon bakin mutane ko zai tsinci kalma ɗaya da zai riƙe, ya riga ya san rabin wannan wasa.

Sunansa Chants of Sennaar. Wani ƙaramin kamfani mai suna Rundisc da ke birnin Tuluz a kudancin Faransa ne ya ƙirƙire shi, kuma mutum biyu ne ƙashin bayan aikin, Julien Moya da Thomas Panuel. Kamfanin Focus Entertainment ya fitar da shi a watan Satumban 2023 a kwamfuta da Switch da PlayStation 4 da Xbox One, a 2024 ya ci kyautar Pégases ta Faransa a matsayin gem ɗin da ya fi kowanne, sannan a 2025 aka kawo shi wayar hannu. Kada sunan ya ruɗi kowa, mu ma da farko mun zaci Sannar ta Sudan ake nufi, wadda ke kusa da Mai Wurno inda 'yan uwanmu suka daɗe da zama. Ba ita ba ce. Sennaar ɗin nan wata hanyar rubuta Shinar ce, sunan da Littafin Farawa na Baibul ya kira ƙasar Babila da shi, a Iraƙin yau. A babi na 11 na littafin ne aka kawo labarin mutanen da suka haɗa kai za su gina hasumiyar da za ta taɓo sama, sai harsunansu suka rarraba, aiki ya watse. Masu gem ɗin sun ɗauki wannan hoto suka gina tasu hasumiyar mai hawa biyar, kowane hawa da al'ummarsa da yarenta da rubutunta, kuma babu mai jin maganar wani.

Mu uku muka buga shi a kwamfuta ɗaya, dare huɗu muna fama, wajen awa goma idan aka haɗa. Abin da muka tashi da shi shi ne: waɗannan mutane sun samo dabarar da ba kasafai ake samun irinta ba, amma ba su yarda da ita ɗari bisa ɗari ba. Duk inda suka bar mu da yare muka ji daɗin da ba mu taɓa ji a gem ba. Duk inda tsoro ya kama su cewa za mu gaji, suka kawo mana agaji ko suka cuso wani abu daban, nan ne wasan ya yi sanyi. Wanda bai buga ba kuma yana da niyya, ya sani za mu ɗan fasa masa ƙwai a can gaba.

Bari mu fara da mintuna goman farko, don a nan aka kama mu. Wani mutum cikin jar alkyabba, fuska a rufe, ya farka daga wani akwatin dutse mai kama da kabari a gindin hasumiya. Ba a gaya mana sunansa ba, ba a gaya mana abin da ya kawo shi ba. Muka ɗan taka sai ga ƙofa a rufe, gefenta wani hannun ƙarfe da ake ja sama ko ƙasa, kusa da shi allo mai layi biyu. Kowane layi alama biyu ne, guda ɗaya ta maimaitu a sama da ƙasa, sauran biyun sun bambanta. Muka ja ƙarfen ƙofa ta buɗe, muka mayar ta rufe. Ɗayanmu ya buga cinya ya ce, "Kai! Wadda ta maimaitu ai ƙofa ce!" Sauran biyun kuwa buɗe da rufe. Kalma uku ke nan cikin minti biyu, kuma babu wanda ya faɗa mana. Daga nan sai wani mutum a ƙetaren magudanar ruwa ya rusuna mana ya yi magana, yana nuna kansa yana nuna mu, muka tsinci gaisuwa da "ni" da "kai". Can gaba wani yaro ya ja mu wasan ɓuya, wani kuma ya zaunar da mu karta, ashe duk darasi ake ba mu ba mu sani ba. Haka yaro ke koyon magana a tsakar gida, kuma haka almajirin da aka kai wani gari ke kama yaren garin kafin shekara ta zagayo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu, a matsayinmu na masu wasa da alƙalami, shi ne kowane yare an gina shi da ƙa'ida, ba tarin zane ba ne kawai. Mutanen hawa na farko, waɗanda za mu kira Masu Ibada, idan suna son jam'i sai su maimaita alamar sau biyu: mutum mutum, ma'ana mutane. Mu da muke cewa iri-iri da buhu-buhu wannan bai ba mu wahala ba ko kaɗan. Sannan alamominsu suna da dangi. Duk ta aikatau tana zaune a kan wani layi, duk ta wuri tana cikin wani ɗan shinge. Idan aka sa alamar tsiro a cikin shingen an sami lambu, idan aka sa ta mutuwa an sami inda ake binne mutane. Da muka lura da wannan sai muka yi ta dariya, don shi ne aikin da "ma" ke yi mana a Hausa: karatu ya ba da makaranta, kabari ya ba da maƙabarta, aiki ya ba da ma'aikata. Daga lokacin muka fara cankar ma'anar alamar da ba mu taɓa gani ba tun kafin a nuna mana abin da take nufi. Wannan jin, na cewa kai da kanka ka gano, ya fi duk wata kyauta da gem zai iya ba mutum.

Da muka hau hawa na biyu sai aka rushe mana duk abin da muka saba. Mayaƙa ne a nan, rubutunsu mai kaifi da kusurwa kamar an karce dutse da wuƙa, jam'insu kuma wata alama ce daban da ake sawa a gaban kalma. Maganarsu kusan duk umarni ce, ɗauki, tura, kare, yi biyayya, kuma mun gama hawan kaf ba mu ci karo da "ni" ko "kai" ba. Mutanen da ba su san kansu a ɗaiɗai ba, sai a runduna. Babu wanda ya tsaya yi mana bayanin halin Mayaƙa, nahawunsu ne ya faɗa mana. Wannan darasi ne ga duk marubucin da zai cika shafi biyu yana gaya mana jaruminsa mai girman kai ne, alhali da ya bar shi ya buɗe baki sau ɗaya da mun gane.

A hawa na uku Mawaƙa ne, rubutunsu mai lanƙwasa da jan layi, ya yi mana kama da na Larabci. Su kuma abin da aka yi wa aiki suke fara kawowa, sannan mai aikin, sannan aikin. Maimakon yaro ya ci tuwo, kullum tuwo yaro ya ci. Na huɗu Masu Sinadari ne, kuma a nan ne aka fi gwada mu. Suna da tsarin lissafi inda sanda ɗaya ke ɗauke da lamba mai gida huɗu, kowace kusurwa da aikinta, ɗaiɗai da gomomi da ɗaruruwa da dubbai. Ya yi kama da wanda wasu sufayen Kirista na ɗariƙar Sistashiyan suka yi amfani da shi a Turai tun ƙarni na 13, inda alama ɗaya ke iya rubuta kowace lamba daga 1 zuwa 9999. Sai mun iya karanta lambobin nan da sunayen ƙarafa kafin muka haɗa gwargwadon da ake bukata muka ƙera mabuɗin da zai fitar da mu. A ganinmu wannan ne ƙulli mafi kyau a wasan duka, don babu yadda za a yi mutum ya kwance shi bai fahimci abin da ya karanta ba.

Amma inda wasan ya taɓa mu sosai shi ne maganar suna. Mutanen ƙasa suna kiran kansu Masu Ibada, burinsu su hau sama neman Ubangijinsu. Da muka shiga cikin Mayaƙa sai muka tarar alamar da suke nufin waɗannan bayin Allah da ita ma'anarta Marasa Tsarki, kuma a wurinsu tare musu hanya wajibi ne. Waɗanda ke sama da su kuwa Zaɓaɓɓu suke ce musu, suna bauta musu daga nesa saboda kiɗan da suke jiyowa. Muka ƙosa mu ga Zaɓaɓɓun nan. Da muka isa sai muka tarar da wasu 'yan hutu sanye da abin rufe fuska, suna kishingiɗe a lambu barori na yi musu hidima, kalmar da ta fi yawo a bakinsu ita ce wawa. Wato bangon da ya raba hawa da hawa ba na dutse ba ne kawai, har da sunan da kowa ya laƙaba wa maƙwabcinsa.

Mun yi shiru a wannan wuri, don ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kalmar "aboki" a bakinmu ta girmamawa ce, amma duk wanda ya yi zaman ci-rani a kudu ya san yadda wasu ke jefa ta da sigar raini. Mu ma ba mu tsira ba. Sunan da da yawa daga cikinmu ke kiran Ibo da shi, bayanin da aka fi yi shi ne daga maganarsu ta neman ruwan sha ya samo asali, mutum ya roƙi ruwa aka mayar da roƙonsa sunansa. Faransawan da suka yi gem ɗin ba da mu suke ba, labarin Babila suke bi, amma abin ya zo daidai wuyanmu.

Zanen ma ya yi kyau, launuka masu haske a shimfiɗe da siririn layi, irin salon littattafan zane na Faransa da Beljiyam da su Moebius suka shahara da shi. Kiɗan Thomas Brunet kuma ba ya damun mai tunani. Ba za mu daɗe a nan ba, ido ne zai yi hukunci.

To, sai inda aka ɓata mana rai, kuma abin haushin shi ne babbar matsalar tana zaune ne a cikin abin da ya kamata ya zama babban taimako, wato ɗan littafin da jarumin ke ɗauke da shi. Duk alamar da muka gani tana shiga ciki, kuma muna iya rubuta abin da muke zato a ƙarƙashinta. Wannan ya yi daidai. Amma lokaci-lokaci sai jarumin ya buɗe sabon shafi ya zana hotuna uku ko huɗu ko biyar, a ce mu ɗora kowace alama a kan hotonta. Idan duk shafin ya yi daidai, sai wasan ya tabbatar, ya ba mu ainihin kalmar. Matsala ta farko, hoton kansa yakan tona asiri. Muna cikin kokawa da wata alama, muna jin daɗin kokawar, sai ga zane ya fito ya nuna mana amsa ƙiri-ƙiri. Ta biyu, idan alamomin da suka rage ba su da yawa, mutum na iya yin ta canza su har ya dace, bai fahimci komai ba. Mun yi hakan sau biyu da dare ya yi nisa, kuma mun ji kunyar kanmu, kamar ɗalibin da ya ci jarrabawar canki-canka da idonsa a rufe. Dabarar tabbatar da amsa rukuni-rukuni ba sabuwa ba ce, Return of the Obra Dinn na Lucas Pope da ya fito a 2018 yana tabbatarwa uku-uku, amma can zaɓin yana da yawan da caca ba ta cika biya ba. A nan kowane yare alamominsa 'yan gomomi ne, ga kuma hoto yana raɗa maka.

Ta uku ta fi ciwo. Da zarar an tabbatar da duk alamomin da ke cikin jimla, sai wasan ya riƙa fassara ta da kansa, a gyare, a jere. Wato tuwo yaro ya ci ɗin nan na Mawaƙa, da muka sha wahala kafin mu gane, sai ya daina zama aikinmu. Ido kuwa malalaci ne, idan ga fassara a rubuce ba zai koma kan alama ba. Muka wayi gari mun daina karanta yaren, muna karanta Turanci. Kamar a koya wa yaro tuƙa keke ne, ranar da ya fara iyawa a ɗora shi a bayan mashin.

Akwai kuma wata da ta shafe mu mu kaɗai, ko mu ce duk wanda harshensa ba ya cikin jerin harsunan wasan. Zatonmu da Hausa muka riƙa rubuta shi, kuma littafin ya karɓa. Wata alama mun sa mata "malam", wata "zaure", wata "gafara dai". Na ɗan lokaci sai ga mutanen hasumiya suna magana da Hausa tsantsa, abin gwanin daɗi. Amma duk shafin da aka tabbatar sai kalmar Turanci ta hau kan tamu ta zauna. Ba mu ce lallai kamfanin mutum biyu ya fassara gem zuwa Hausa ba, wannan son kai ne. Abin da muke cewa ƙarami ne: da sun bar wa mai bugawa zaɓi ya riƙe kalmarsa bayan an tabbatar masa ya gane. Wasan da duk saƙonsa shi ne kowane harshe yana da ƙima, bai kamata ya goge namu da hannunsa ba.

Wannan ya kai mu ga wata gazawa mai zurfi. A tsarin littafin nan, kowace alama ma'ana ɗaya tak take da ita, kuma akwai amsa ɗaya da ke daidai. Duk wanda ya taɓa zama zai juya labari daga Hausa zuwa Turanci ya san ƙarya ne. A ba mu kalma ɗaya ta Turanci da za ta ɗauke "kunya" da duk kayanta, kunyar suruki da kunyar ɗan fari da kunyar wanda aka kama da laifi. A ba mu ta "kara". Babu. Fassara ciniki ce, kullum sai an bar wani abu a kasuwa. Abin mamaki masu wasan sun san haka, tunda su suka nuna mana Masu Ibada da Marasa Tsarki mutane ɗaya ne. Sun taɓo gaskiyar da yatsa, sai suka janye hannu. Heaven's Vault na kamfanin inkle, wanda ya riga shi fitowa a 2019, ya fi shi ƙarfin hali a nan, don yana barin mutum ya yi ta yawo da fassarar da ba daidai ba har sai wani rubutu a gaba ya ƙaryata shi. Gaskiya ne hakan na gajiyarwa, kuma mai yiwuwa shi ya sa Sennaar ya fi shiga jama'a. Mun fahimci dalilinsu. Amma da an sa mataki biyu, mai sauƙi da mai tsauri, da kowa ya ɗauki daidai ƙarfinsa.

Sai maganar laɓe-laɓe. A wurare da dama, musamman a sansanin Mayaƙa, wasan yakan ajiye yare gefe ya ce mu saɗaɗa ta bayan masu gadi, mu laɓe a bayan bango, mu jefa dutse don su waiga. Idan an gan mu a mayar da mu baya. Daga baya kuma ga wani dodo a cikin duhun ramuka da sai an yi ta guje masa. Ba su da tsananin wuya, kuma ba a mayar da mutum nesa, amma ba abin da ya kawo mu ke nan ba. Ga shi kyamarar a kafe take, wani lokaci ba ka iya auna ko mai gadi na hango ka. Ɗayanmu da ya fi mu kaifin gane alamomi, ita ce ta fi tsanar wuraren nan, duk lokacin da aka zo sai ta tura mana kwamfutar ta ce idan mun wuce mu kira ta. Idan gem ya sa wanda ya fi dacewa da shi ya miƙa wa wani, to a wannan wurin ya yi kuskure. Haka nan yawan komawa baya. Babu taswira, kuma lambun Mawaƙa da magudanan ƙarƙashinsa suna da rikitarwa, mun ɓata kusan rabin awa muna neman wata ƙofa da muka riga muka san abin da za mu yi a bayanta.

Hawa na biyar kuwa, na waɗanda za mu kira Masu Halwa, kamar an yi shi ne ana kallon agogo. Mutane ne da suka rufe idanunsu da na'ura suka shige duniyar ƙarya, wata kwamfuta mai sarrafa kanta tana tsare da su. Ra'ayin ba laifi, kuma duk wanda ya taɓa zama a majalisa kowa ya sunkuya kan wayarsa zai gane inda aka dosa. Amma yarensu ba koyonsa muka yi ba, ba mu aka yi. Wasu na'urori ne ke jera alamominsu kusa da na yarukan da muka riga muka sani, cikin ɗan lokaci an gama. Babu yaro mai wasan ɓuya, babu mai karta, babu allon bango da za mu tsaya muna jujjuyawa. Bayan hawa huɗu ana ba mu tuwo da miya, a na ƙarshe sai aka miƙo mana ƙwayar magani aka ce ai duk ƙoshi ne.

Mun ajiye abu mafi muhimmanci a ƙarshe, don shi ne ya fi kyau kuma shi ne ya fi ba mu takaici. A ɓoye cikin hasumiyar akwai wasu na'urorin sadarwa inda mutum biyu daga hawa daban-daban ke son magana da juna, mu ne tafinta a tsakani. A nan ba a yi mana fassara. Sai mun ɗauki jimlar wannan mun gina ta da alamomin wancan, da jam'insa da jerin kalmominsa, kuma mu tuna cewa wanda ke kiran kansa Mai Ibada dole a rubuta shi da sunan da Mayaƙi ya san shi da shi. Nan ne kaɗai muka ji mun iya yarukan da gaske. Kuma sakamakon yana bayyana a ido: Mayaƙa suka ji ashe Masu Ibada ma suna kiɗa, sai ga ƙofar da aka daɗe da garƙamewa a buɗe. Masu Sinadari suka taimaka lambun ƙasa da ya bushe ya farfaɗo. Abin da ya kamata ya zama rabin wasan ke nan, amma 'yan ƙalilan ne, kowanne 'yan jimloli, kuma mutum na iya wuce wasu bai ma gan su ba.

Sannan a duba yadda sulhun ke zuwa da arha. Gabar da aka gada kaka da kakanni, jimla huɗu ko biyar sun kashe ta. Hatta barorin da ke yi wa Mawaƙa bauta, hira ɗaya ce ta 'yantar da su. Wasan yana so mu yarda cewa duk rikicin hasumiyar rashin fahimta ne, da an fassara shi ke nan. Mu da muke zaune a ƙasa mai ɗaruruwan harsuna mun san ba haka abin yake ba. Sau nawa aka yi faɗa tsakanin mutanen da ke cin kasuwa ɗaya da harshe ɗaya, kowa na jin kowa sarai? Wani lokaci ana faɗa ne saboda an fahimci juna ƙwarai, gona ɗaya ce kuma kowa na so. Mai bawa ba rashin tafinta ne ya hana shi sakin bawansa ba.

Shi kansa tafintan wasan waliyyi ne, ba shi da ciki. Na'urar ba ta karɓar komai sai fassarar da ke daidai, ba za mu iya ƙarawa ba, ba za mu iya ragewa ba, balle mu yi ƙarya. Alhali tarihin kalmar tafinta a wurinmu, wadda muka aro daga Turanci zamanin mulkin mallaka, cike yake da labaran mutumin da ke tsaye tsakanin Bature da sarki yana juya magana yadda ta yi masa. Marubucin Mali Amadou Hampâté Bâ ya yi littafi guda a kan irin wannan mutum, Wangrin, a 1973, tafintan da ya mayar da harsunan da ya iya jari. A ɗaya gefen kuma, duk dattijon da ya taɓa shiga tsakanin mata da miji ya san ba a kai magana yadda aka faɗe ta, sai an cire mata ƙaya. Ku yi tunanin a ce wasan ya ba mu wannan dama: Mayaƙi ya ce Marasa Tsarki, mu kuma mu zaɓa ko mu isar da zagin yadda yake ko mu sassauta, kuma kowanne da abin da zai haifar. Da an yi haka, da yanzu ba maganar gem mai kyau muke yi ba, da maganar wanda za a daɗe ana koyarwa a aji muke yi.

Duk da wannan dogon ƙorafi, idan aka tambaye mu ko a buga, za mu ce a buga, musamman masu rubutu da masu fassara da malaman harshe. Sai dai ga yadda muka yi daga hawa na uku zuwa sama, bayan mun gane inda littafin ke cutar mu. Muka samo takarda da biro, muka riƙa zana kowace alama da hannu muna rubuta zatonmu da Hausa a gefe, muka ƙi taɓa shafukan tabbatarwa sai mun ga babu makawa. Hawan Mawaƙa ya ɗauke mu ninkin lokacin da ya kamata, mun yi musu har murya ta tashi a kan wata alama da ɗayanmu ya rantse "hanya" ce wani ya ce "nema" ce. Kuma a buga da mutane, kada a buga shi kaɗai. Takardar tana nan a hannunmu, shafi shida gaba da baya, da wata alama ta Masu Sinadari da muka soke fassararta har sau huɗu.